A auna manyan makarantun Kano da tiya ɗaya

Har zuwa shekarar 2000, jami'a ɗaya ce tal a jihar Kano, wato Bayero (BUK), wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. A 2001 ta Wudil ta zo, wadda yanzu ake kira da sunan Aliko Dangote. A 2012 aka buɗe Northwest, ta fara zama a Gidan Ado Bayero da ke Ƙofar Nassarawa. Daga nan masu zaman kansu suka kwararo: Skyline a 2018, Maryam Abacha da Al-Istiqama ta Sumaila a 2021, da wasu a bayansu. Ga Kano Poly, ga Sa'adatu Rimi a Kumbotso, ga kwalejin shari'a ta Legal, ga tsohuwar FCE da aka ɗaga ta koma jami'ar ilimi. Wurin zuwa ya yawaita ƙwarai, amma abin da uba zai duba ya zaɓa wa ɗansa makaranta yana nan yadda yake tun zamanin da: allon talla a bakin titi, sanarwa a rediyo, da kuma "an ce".

An ce can ana karatu. An ce can ba a yajin aiki. An ce can sai ka san wani. A kan irin wannan magana mutane ke zuba kuɗin da suka sayar da fili ko suka ci bashi suka haɗa.

Ra'ayina shi ne manyan makarantun Kano, na tarayya da na jiha da masu zaman kansu, su zauna su amince da fom guda ɗaya. Tambayoyi iri ɗaya, ma'anar kowace tambaya a rubuce, ranar ƙirga guda, kowace makaranta ta cike sau ɗaya a shekara ta liƙa a shafinta na intanet inda kowa zai gani. Ba gasar wa ya zo na ɗaya nake kira a yi ba, zan dawo kan wannan. Abin da nake nema shi ne a iya ajiye takardar wannan makaranta kusa da ta waccan, a karanta layi da layi, kuma ya zama abu ɗaya aka ƙirga a duka biyun.

Wasu ƙasashe sun daɗe da yin haka. A Amurka akwai fom da ake kira Common Data Set, wanda jami'o'i suka tsara tare da kamfanonin da ke buga littattafan jagorar shiga jami'a, saboda sun gaji da amsa tambaya ɗaya ta fuska goma. Abin da ya burge ni a fom ɗin shi ne yadda ya toshe kafar wayo. Ba a cewa kawai "ɗalibai nawa gare ku". Ana cewa ɗalibai nawa ne a rijista ranar 15 ga Oktoba, ko ranar da makarantar ta tsayar a hukumance. Wajen lissafin malami nawa ke kan ɗalibai nawa, malamin wucin gadi ana ƙirga shi sulusin cikakken malami. Wajen girman aji kuwa, sai ka faɗi azuzuwa nawa ne ke da mutum 2 zuwa 9, nawa ke da 10 zuwa 19, har zuwa masu 100 da ɗoriya. Wannan fom na ganin dama ne. Akwai kuma na dole, mai suna IPEDS, wanda tun 1992 duk makarantar da ɗalibanta ke cin tallafin gwamnatin tarayya sai ta cike. Birtaniya ta kafa tata hukumar tattara irin waɗannan alƙaluma, HESA, a 1993. Indiya, inda gwamnatin Kano ta tura ɗalibai karatun digiri na biyu a 2023, tana gudanar da ƙidayar manyan makarantunta duk shekara tun wajen 2011.

Duk wahalar tana wurin ma'ana, kuma wanda bai taɓa shiga ofisoshin makaranta ba zai ɗauka wasa ne. Na taɓa bin wani aiki a wata babbar makaranta a garin nan, ina neman adadin ɗaliban sashe guda kawai. Ofishin adimishan suka ba ni lamba, ta waɗanda aka ba gurbi. Ofishin kuɗi suka ba ni wata, ta waɗanda suka biya. Jami'in jarrabawa na sashen ya jawo wani fayil mai kore daga ƙasan tebur, ya kaɗe ƙura, ya ce, "Malam, waɗancan duk lissafin ofis ne, ga waɗanda suka zauna jarrabawa." Lamba uku, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa abin da ya shafe shi ya ƙirga. To wacce za a kai wa majalisar dokoki ranar kare kasafin kuɗi? Wacce za a ba masu tantance kwasa-kwasai? A zahiri kowane baƙo ana ba shi wadda ta fi dacewa da ziyararsa.

Ka ƙara da sauran rikicin. Ɗalibin da ya jingine karatu na shekara guda saboda rashin kuɗi, ɗalibi ne ko ba ɗalibi ba? 'Yan sifil-oba fa, waɗanda kwas ɗaya ya riƙe? Masu karatun ƙarshen mako, da 'yan share fage, da masu yin digiri a kwalejin ilimi ƙarƙashin inuwar wata jami'a, a lissafin wa za su shiga, kwalejin ko jami'ar? Ta ɓangaren malamai abin ya fi haka cakuɗewa. Farfesa guda yana cikakken aiki a jami'a ɗaya, yana koyarwar ziyara a biyu, yana hutun sabatikal a ta huɗu, kuma kowacce ta sa sunansa a jerin malamanta. Idan aka tara alƙaluman sai ka ga farfesoshi huɗu, alhali mutum ɗaya ne ke zirga-zirga tsakanin titin Gwarzo da Wudil. A Dawanau mai sayen gero yakan fara duba tiyar kafin ya tambayi farashi, don ya san akwai bugaggiya akwai cikakkiya, kuma arhar da aka yi maka da ƙaramin kwano tsada ce. Makarantunmu kowacce da nata kwanon take awo.

Idan da ni ne mai tsara fom ɗin, tambayar da zan sa a sama ita ce wadda aka fi ƙin amsawa: cikin waɗanda suka shiga aji ɗaya a shekara kaza, mutum nawa suka gama, kuma yaushe? Ranar bikin yaye ɗalibai ana karanto mana adadin waɗanda suka kammala da masu daraja ta ɗaya, a tafa. Waɗanda suka zube a hanya babu mai karanto su. A Amurka ma'aunin da aka tsayar shi ne a ba ɗalibi ninki ɗaya da rabi na wa'adin karatunsa, wato digirin shekara huɗu a duba wa ya gama cikin shida. Mu namu sai an yi masa gyara, domin agogonmu ba ya tafiya daidai. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Saboda haka a ba mu lissafi biyu, na zangon karatu da na shekarun kalanda. Na farko zai nuna ƙoƙarin makaranta da ɗalibai, na biyu zai nuna wa uba shekarun da zai yi yana ciyarwa kafin ya ga takarda.

Kuma a raba alƙaluman maza da mata. Kowa a Kano yana da labarin yarinyar da ta shiga jami'a da ƙwazo, aka yi mata aure a aji biyu, haihuwa ta zo a aji uku, karatu ya tsaya. Kowa kuma yana da labarin wadda ta gama da goyo a baya. Muna musu a kan wanne ya fi yawa, kowa yana kafa hujja da 'yar ƙanwarsa. Da makarantu uku za su fitar da adadi ta ma'auni ɗaya, aka ga mata sun fi kammalawa a ɗaya daga ciki, sai a je a tambaya me take yi. Wataƙila wurin renon yara gare ta, wataƙila dokarta ta jingine karatu ce ke da sauƙi, wataƙila ba ta sa lakca bayan Magariba. Irin wannan darasi ba ya buƙatar ko sisi daga Abuja.

Wani maƙwabcina tela ya same ni bayan sallar Isha da takardar sakamakon JAMB ta 'yarsa, ya ninke ta huɗu a aljihun gaba. Ya ce, "Malam, ku ne kuka san harkar nan. Ni abu biyu nake so in sani: nawa zan tanada duk shekara, kuma shekara nawa za ta yi?" Bai tambayi wace jami'a ce ta fi suna ba. Muka buɗe shafukan makarantu a waya. Hoton ƙofar shiga muka gani, da jawabin maraba na shugaba, da manufa da hangen nesa. Inda muka sami kuɗin rijista, ba a haɗa da kuɗin karɓar gurbi ba, da na tsangaya, da na sashe, da na hostal, da na ɗakin gwaji. Tambayoyinsa biyu ba su fi ƙarfin layi biyu a fom ba. Kuma tun da kuɗin rijista ya yi tsalle a 2023, har gwamnatin jiha ta shiga biya wa dubban ɗaliban Kano da ke BUK, sannan asusun NELFUND ya fara ba da bashin karatu a 2024, tambayar tela ta daina zama tasa shi kaɗai. Yaron da zai ci bashi ya yi karatu yana da haƙƙin sanin kashi nawa na waɗanda suka riga shi shiga kwas ɗin suka fita da shaida.

Sauran tambayoyin ba su da yawa: mutum nawa suka nema, nawa aka ɗauka, da wane maki, girman azuzuwan 'yan aji ɗaya, musamman kwasa-kwasan gama-gari inda ake cika ɗakin taro har taga, gadaje nawa ne a hostal, da kuma wata nawa ake ɗauka daga jarrabawar ƙarshe zuwa fitar sakamako da tura suna bautar ƙasa. Wannan ta ƙarshen, duk wanda ya yi zaman jiran sakamako a gida yana kallon sa'o'insa suna tafiya sansani ya san nauyinta.

Kada a ɗauka iyaye kaɗai za su amfana. Makarantun da kansu sun fi kowa buƙata, in dai kowacce za ta auna kanta da tsararta. Bayero tana da 'yan'uwa shida da aka kafa su tare a 1975: Sakkwato, Maiduguri, Jos, Ilorin, Kalaba da Fatakwal. Su ne sa'anninta. Northwest kuwa sa'anninta su ne irin jami'ar jihar Kaduna, da Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, da Sule Lamido ta Kafin Hausa, masu cin abinci daga baitulmalin jiha. Jami'a mai zaman kanta da ba ta cika shekara goma ba, zalunci ne a jera ta da Bayero a yawan bincike, amma adalci ne a jera ta da takwarorinta a girman aji da yawan cikakkun malamai, tunda a kan wannan take karɓar miliyoyi. Shugaban jami'ar jiha da zai shiga gaban kwamitin majalisa ya ce "muna fama da ƙarancin malamai" ya faɗi abin da kowane shugaba ke faɗa, za a gyaɗa kai a wuce. Wanda zai ajiye takarda ya nuna cewa a tsangayar kimiyya malaminsa guda yana ɗauke da ninkin abin da na Katsina ke ɗauka, ga kuma ƙa'idar hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta malami ɗaya ga ɗalibai 20 a kimiyya, 15 a injiniyanci, 10 a likitanci, 30 a fannonin adabi da zamantakewa, wannan ya zo da maganar da ke da wuyar turewa.

Za a ce ai duk wannan bayani yana nan, ana aika wa hukumomi. Gaskiya ne. NUC tana karɓa daga jami'o'i, NBTE daga kwalejojin fasaha, NCCE daga kwalejojin ilimi, asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund yana karɓar nasa, JAMB kuwa tun da ta kawo tsarin ba da gurbin karatu ta intanet na CAPS a 2017 tana ganin kowane gurbi da aka bayar ta hanyar da ta dace. NUC ta ma taɓa buga kundin alƙaluman jami'o'i na 2017 da 2018 da 2019. Matsalar ita ce bayanin sama yake tafiya, zuwa Abuja da Kaduna, kowace hukuma da irin fom ɗinta, ba ya gilmawa gefe zuwa makarantar da ke maƙwabtaka, balle ya sauko wurin tela. Yana fitowa ne ranar da gwamnati ke son kafa hujja. A watan Agustan 2025, da za a dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na shekara bakwai, ministan ilimi Tunji Alausa ya ce jami'o'i 199 ba su sami masu nema 100 ba ta JAMB, 34 kuma ko mutum ɗaya bai neme su ba. Ashe ana da lissafin. Me ya hana a riƙa fitar da shi duk shekara, makaranta bayan makaranta? Umarnin da ma'aikatarsa ta bayar a farkon shekarar, cewa makarantun tarayya su wallafa kasafinsu da kuɗin TETFund da yawan ɗalibansu, mataki ne mai kyau, sai dai ya fi karkata ga kuɗi, kuma bai hau kan makarantun jiha da masu zaman kansu ba, waɗanda su ne mafi yawa a Kano.

Suka mafi ƙarfi ita ce za a yi ƙarya. Ba na raina wannan magana. Mun san labarin aron malamai da aron kayan ɗakin gwaji idan masu tantancewa za su zo, a yi fenti, a jera littattafai, baƙi su tafi a mayar wa masu su. JAMB da kanta ta ce tsakanin 2017 da 2020 makarantu sun ɗauki ɗalibai kusan miliyan ɗaya ba tare da sun bi ta wurinta ba. Makarantar da ta ɗauki fiye da adadin da aka yarje mata, da wane ido za ta rubuta gaskiya a fom?

Ƙaryar alƙaluma ba a Nijeriya aka fara ta ba. A 2022 jami'ar Columbia da ke New York tana matsayi na biyu a jerin mujallar U.S. News, sai wani farfesan lissafi na cikinta, Michael Thaddeus, ya zauna ya gwada alƙaluman da ta bayar da jadawalin azuzuwan da ke shafinta, ya ga ba su haɗu ba. Daga baya jami'ar ta amsa cewa abin da ta faɗa kan girman aji da shaidar malamai ba daidai ba ne, ta faɗo zuwa ta 18. Abu biyu na ɗauka daga wannan. Na farko, jerin gwanaye shi ne ke haifar da kwaɗayin ƙarya, domin ana matse abubuwa ashirin a mayar da su lamba guda, kowa kuma yana son tasa ta hau. Shi ya sa na ce ba gasa nake nema ba. Ina taya BUK murna duk lokacin da ta fito cikin na gaba a Nijeriya a jerin Times Higher Education, amma wannan jeri nauyinsa yana kan bincike da yawan ambaton maƙalu, ba zai gaya wa ɗan aji ɗaya ko zai sami kujera a lakca ba. Na biyu, ɗan gida ne ya kama ƙaryar, kuma ya kama ta ne saboda an faɗe ta a fili. Columbia a lokacin ba ta wallafa wancan fom na bai-ɗaya, wato Common Data Set, sai bayan abin kunyar ta fara. Lambar da aka rufe a ambulan aka aika Abuja babu mai ƙaryata ta. Wadda aka liƙa a intanet kuwa, malamin da ke koyar da ajin zai gani, reshen ASUU zai gani, ƙungiyar ɗalibai za ta gani, kuma a Kano ba a rasa mai ɗaukar hoton aji ya sa a Facebook kafin la'asar. Ban da haka, ana iya gwada adadin shiga da rijistar JAMB, adadin fita kuma da jerin sunayen da majalisar jami'a ke tura wa NYSC.

Don a rage tsoro, ina ganin a shekarun farko kada a ɗaura wa alƙaluman kuɗi ko hukunci. Makarantar da ta nuna rabin ɗalibanta ba sa gamawa a kan lokaci, a tambaye ta dalili, kada a yanke mata kaso. In aka fara da bulala, shekara mai zuwa kowa zai kawo lamba mai kyau, mu koma gidan jiya. Batun sirri kuma ba hujja ba ce, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 sunan mutum da bayanansa take karewa, fom ɗin nan kuwa jimilla yake nema, babu sunan kowa.

Wa zai fara? Jihar Kano tana da ma'aikatar ilimi mai zurfi, kuma makarantun jiha a ƙarƙashinta suke, takarda ɗaya daga kwamishina ta isa. Masu zaman kansu ba za a tilasta musu ba, amma gwamnati tana iya cewa duk makarantar da ke son a turo mata ɗaliban da jiha ke ɗaukar nauyinsu, sai ta cike fom ɗin, kamar yadda Amurka ta ɗaure nata da tallafin ɗalibai. Wadda ke da abin nunawa ma ba za ta jira a roƙe ta ba, don talla ce kyauta. Bayero ba ta ƙarƙashin jiha, sai dai ita ce uwa, da yawa daga malaman sauran ita ta yaye su, kuma tana da ƙwararrun ma'aikatan tsare-tsare. Idan ta fara fitar da nata, ƙananan za su ji kunyar noƙewa.

Aikin kansa na daraktocin tsare-tsaren karatu ne da magatakarda, ba na shugabanni masu jawabi ba. Kowace makaranta tana da wannan ofis. Su haɗu a ɗaki ɗaya, su tsayar da tambayoyin da ba su wuce shafi biyu ba, su rubuta ma'anar kowacce da Hausa da Turanci don tela ma ya karanta. Tunda kalandar makarantunmu ba ta tafiya tare, ba za a iya sa rana guda a wata guda ba, sai a ce mako shida bayan rufe rijistar zangon farko, kowa ya ƙirga waɗanda suka biya kuma suka yi rijistar kwas. Malamin ziyara a ba shi layinsa daban, ɗalibin digirin haɗin gwiwa a ƙirga shi a harabar da yake zama a aji, a kuma rubuta sunan jami'ar da za ta ba shi shaida a gefe.